Sunan Da Kaka A'i Ba Ta Faɗa

Talata, bayan la'asar

Kai da takardar nan za ta faɗo hannunka, in tambaye ka mana. Mutum zai fara abu, abin ya girma har a yi masa fili da ciyawa da fitilu, shi kuma a ce ba a san sunansa ba? Ni dai a aji huɗu na tsaya, ƙila akwai yadda ake yi da ban sani ba.

Sunana Zaharadden. Daga wajen Gumel na zo umara da azumin da ya wuce. Jirgi ya koma, ni ban koma ba. Ka gane ai. Ina unguwar Hindawiyya a Jidda, gidan kakata ta wajen uba, Kaka A'i, da ƙanen babana Baffa Na'ibi, da 'yarsa Najwa. Su ta Sudan iyayensu suka shigo tun da daɗewa, suna da iƙama, takardar zama. Ni ba ni da komai sai gumi. Dako nake yi a wani sito a Madain Fahd, katan-katan na ruwan sha.

Babana a nan aka haife shi, shi ne ɗan fari. Kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya mutu, takardarsa ta mutu da shi, aka kama shi a titi. Suka ce kai ɗan ina ne, ya faɗi garin da yake ji a bakin uwarsa. Haka aka sauke shi a ƙasar da bai taɓa gani ba, ya yi aure, ya haife mu.

Yanzu yana kwance. Wannan ba yau zan rubuta ba.

Laraba, da hantsi

Ba aiki. Mai sito ya ce ana duba takardu a hanya, kowa ya zauna gida. To bari in faɗi maganar wasan.

A ƙauyenmu ƙwallon Ɗan Jidda ake ce masa, don Ɗan Jidda ake kiran Baba. Sunansa na gaskiya besbol. Baba ya sassaƙa kulki da icen marke, ya naɗe tsumma da robar tayar keke, baduku ya ɗinke da fata. A ajiye duwatsu huɗu, ɗaya ya jefa, ɗaya ya maka, ya zagaya duwatsun da gudu ya dawo gida. Gida ake cewa, wallahi. Mutane su tsaya suna dariya, ga babban mutum da gemu yana zagaya dutse. Innarmu takan ce wasan da ba ci ba sha.

Baba ya ce yana saurayi yana ban ruwan ciyawa a gidajen Amurkawa a Ruwais. Wata rana mutum ɗaya ya yi musu ƙaranci suka miƙa masa ƙwallo. Ya jefa da hagu, don bahago ne. Baturen da ke riƙe da kulki ya maki iska har hularsa ta faɗi. Daga nan Baba ya ɗauko wasan ya kawo Hindawiyya, bayan wani tsohon gareji, ya tara yara, Hausawa da Yamalawa da 'yan gari. Ya ce kafin su, ba ɗan unguwar da ya taɓa riƙe kulkin nan a Jidda, sai dai leƙe ta katanga.

Ni ma bahago ne. Ni kaɗai a 'ya'yansa.

Gaskiya a raina ina zaton yana ƙara gishiri. Allah ya yafe min.

Alhamis, bayan azahar

Jiya Najwa ta miƙo min wayarta ta ce, "Shuf, ba wasan da kake surutu ba ne?"

Wani kulob ne a arewacin gari za su yi biki, su karrama waɗanda suka fara besbol a Jidda, su rubuta sunayensu a allon ƙarfe a bakin fili. Sun sa tsohon hoto. Yara ne a tsaye cikin ƙura, wasu ba takalmi. A tsakiya wani dogo siriri, ƙwallo a hannun hagu, ya karkatar da kai yadda Baba yake yi in zai yi mana faɗa.

Na ce Najwa karanta min na ƙasan. Ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa da na ubansa. Da ta zo kansa ta ce, "Al-Ashwal. Yaʿni bahago. Sun ce ba a san sunansa ba, wanda ya sani ya yi magana."

Sunansa Muntaka. Ga shi na rubuta. Ban saba ba.

Na kira gida. Ƙanwata Sadiyya ta kara masa wayar a kunne. Ya yi dariya har tarin ya taso, aka jira ya lafa. Ya ce, "Har yanzu suna yi?" Na ce har da fitilu, Baba. Sai ya ce, "In sun rubuta, ka ɗauko min hoton in gani."

Na ce to.

Najwa ta tura wa mai haɗa bikin saƙo, wani Raed. Ya ce gidaje da yawa sun ce nasu ne, amma tunda uwarsa na raye zai zo da kansa ya ji daga bakinta.

Juma'a, bayan sallah

Yau na ji daɗi. Na sayo wa Kaka burodin tamis mai zafi da ful, dafaffen wakensu. Ta ce, "Angon banza ya tuna da amaryarsa. Miji ba sadaki ba iƙama, in an ƙwanƙwasa ƙofa shi ne farkon gudu."

Na ce, "Ke ma ai amaryar ba haƙori."

Ta jefe ni da maficinta. Na cafe da hagu. Sai ta kau da kai ta kalli bango.

Lahadi, bayan magariba

Mutumin bikin ya zo. Ya tafi.

Litinin, da safe

Ban ci komai ba. Zafin garin nan kamar an rufe ka da jiƙaƙƙen bargo.

Litinin, bayan la'asar

Dokar Baffa ce, in baƙo mai farar riga ya ƙwanƙwasa, in hau sama wajen tankin ruwa. To na hau. Amma ban kai tanki ba, na tsaya a matakala, ina jin komai.

Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa, yana ce mata ya khala, wato inna. Najwa tana fassara musu. Na ji ya fito da hoton.

Kaka ta ce, "Yaran unguwa ne. Allah ya raya na raye, ya jiƙan na ƙasa."

Ya ce wannan na tsakiya fa?



Ta ce, "Wannan kam a tambayi wasu."

Najwa ta ce, "Habboba, ki duba mana, ki sa gilashi." Haka take kiranta, irin na 'yan Sudan.

Kaka ta ce, "A zuba wa baƙo shayi."

Ya sake tambaya a hankali, ko tana da ɗa da ya yi wasan nan, yaya sunansa. Ta ce 'ya'ya na Allah ne. Najwa ta juya masa yadda ta ji. Ya sha shayinsa, ya ce maʿlesh, wato ba komai, ya yi godiya. Uwa ba ta gane ɗanta ba, me zai ce? Ya ɗauka mun yi kuskure ne, ko mun yi ƙarya.

Ni ina matakala. Tsakanina da ɗakin bai kai tsawon tabarma biyu ba.

Talata, da hantsi

Mun yi faɗa da Najwa.

Ta ce, "Ka ba ni kunya gaban mutum. Na hoton ba baffana ba ne, Habboba ma ba ta san shi ba."

Na ce ɗan fari ne! Uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, ba ta nuna shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Ke ba ki taɓa lura ba? Tunda aka haife ki kin taɓa jin sunan a bakinta? Wancan take cewa. Wancan na can.

Ta buɗe baki. Ta ce, "Lesh, don me? Haramun ne?"

Na ce ba haramun ba ne, kunya ce.

"Kunyar wa? Ita ta haife shi!"

Na rasa yadda zan yi mata bayani. Abin da ka tashi ka tarar, ba ka san yadda ake faɗarsa ba. Ita a nan aka haife ta, Hausarta ma rabi Larabci ne, babarta kuma sunanta take kira gatsal ko a gaban waye.

Sai ta ce, "Tayyib. Kai da ka sani, kana ina?"

Na fita na bar mata ɗakin.

Laraba, bayan azahar

Sadiyya ta ce Baba ya daina cin tuwo, sai kunu, shi ma cokali kaɗan. Ta kara masa wayar. Bai ce yaya aiki ba, bai ce yaya mutanen gida ba. Ya ce, "An rubuta?"

Na ce ana kan rubutawa.

Alhamis, bayan magariba

Na tari Baffa Na'ibi ya dawo daga aiki, direba ne. Na ce shi ya je ya faɗa mana, ai yayansa ne, ya gan shi yana wasan.

Ya ajiye makulli. Ya ce, "Ni nake ɗaukar musu ruwa a galan, ka ji? Ba wanda ya kai ni sanin yayana. In ya jefa ƙwallo har fito take yi." Ya zauna ya cire safa. "Amma in na je, sunana za su ɗauka, da lambar iƙama, da sunan kafili, da adireshin gida. Su ce wannan ɗan'uwan wanda aka kora ne. Su zo ɗaukar hoto da 'yan jarida. Wa za su tarar a wajen tanki?"



Ya ce, "Suna a bango zai ba ka takarda? Halas, Zaharadden. Na rasa yayana a titin nan, ba zan rasa ɗansa a titin nan ba."

Ba mugu ba ne. Da mugu ne da na fi samun sauƙi.

Asabar, da yamma

Na yi abin da bai kamata ba. Wani direban sito Bayamale zai kai ruwa arewa, na bi shi, ya ajiye ni kusa da filin.

Ashe haka yake. Ciyawa shar kamar an shafa mata mai. Yara da fararen kaya, kowa da safar fata a hannu, iyaye a kujeru da lemo. Ba dutse, wasu fararen matasai ne a ƙasa. Amma gudun ɗaya ne. Zagayen ɗaya ne. Har yadda suke ihu in mutum ya dawo gida.

A ƙofa akwai masu gadi suna duba kati. Na tsaya can gefe ta bayan waya.

Wani ya maka ƙwallo ta tsallako ta faɗi kusa da ƙafata. Fara, da jan ɗinki. Ban taɓa riƙe ta gaske ba. Wani yaro ya ɗaga hannu yana cewa ya ʿamm, irmi, wato in jefo. Hannuna ya riga ya koma baya da kansa. Sai na ga mai gadi ya waiwayo.

Na durƙusa na tura ta ta ƙarƙashin waya, kamar mai ba kyanwa abinci.

Lahadi, da safe

Ana kan rubutawa. Haka na sake cewa.

Litinin, bayan la'asar

Najwa ta zo ta zauna a matakala kusa da ni, ba ta ce yi haƙuri ba, ta dai miƙo min balila, dafaffen wake, a kofi. Ta ce ta yi wa Raed bayanin kunyar. Ya ce wallahi bai taɓa jin irin wannan ba, ya ba da haƙuri. Amma shi ba shi kaɗai ba ne, akwai kwamiti, an riga an buga allon da Al-Ashwal. Ya ce ranar Asabar mai zuwa tsofaffin da ke hoton za su hallara. In uwar ta zo ta faɗa a gabansu, za a ƙara sunan.

Najwa ta ce, "Ko kai ta ɗaga kawai, ni in faɗa."

Na ce hoton ma ba ta kalla ba.

Talata, da hantsi

Na shiga ɗakin Kaka ban yi sallama da ƙarfi ba. Na tarar ta buɗe akwatin ƙarfenta, wani abu a cinyarta tana shafa masa man zaitun da yatsa. Safar fata ce irin ta yaran nan, ta tsufa ta yi baƙi, an ɗinke ta da zaren buhu. Ta hannun dama ce, irin wadda bahago ke sawa. Fatar lumus, ba tsagewa ko ɗaya. Abin da aka yi shekara da shekaru ana shafawa.

Ta ja zane ta rufe.

Na durƙusa. Na ce, "Kaka, sau ɗaya. Kalma ɗaya ce. Yana tambaya kullum."

Ba ta ce min ango ba. Ta ce, "Uwata ba ta taɓa kiran yayana ba har ta koma ga Allah. A hanyar Sudan ya ɓace mana a kasuwa, tana kuka tana cewa ku nemo min yaron mutane. Haka na gani." Ta gyara zanen. "Ranar da suka tafi da wancan, na bi motar ba takalmi har bakin babban titi. Yana leƙowa ta taga. Bakina a buɗe. Ban kira ba. Ranar ban kira ba, sai don allon ƙarfe?"

Na ce, "To ai shi bai san kin bi motar da suna a baki ba."

Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri."

Laraba, bayan azahar

Yau bai tambaya ba. Sadiyya ta ce yana ji, in yi magana. Na yi ta ba shi labarin ciyawa da fararen matasai. Numfashi kawai nake ji.

Da ma ya tambaya in sake yi masa ƙaryar.

Alhamis, da asuba

Sadiyya ta kira.

Alhamis, da yamma

Gidan ya cika. Mata a ciki, maza a tabarma a lungu. Yau ba wanda ya ce in hau sama. Kowa ya riƙe hannuna ya ce sai haƙuri, wasu su ce da Larabci. Wani tsoho ya ce, "Ɗan bahagon nan ne? Allahu akbar." Shi ma bai tuna sunan ba.

Sun ce an kai shi kafin azahar. Ban ga ko likkafanin ba. Ina nan ina ɗaukar ruwan da wasu za su sha.

Kaka tana zaune da carbi, idonta a bushe. Mata suna cewa kai, Hajiya akwai kawaici. Ni na kasa kallonta. Ina jin haushinta, ina jin haushin kaina, ban san wanne ya fi ba.

Juma'a, bayan sallah

Mun yi masa sallar ga'ib ni da Baffa da mutum kaɗan. Baffa ya yi kuka kamar yaro, har sai da aka riƙe shi.

Hoton da ya ce in ɗauko, wa zan tura wa?

Asabar, da hantsi

Na zo wucewa ta ƙofarta da buta, na ji tana magana ita kaɗai. Na zaci lazimi ne. Na tsaya.

"Mun..." Sai ta yi shiru. Ta yi gyaran murya. "Mun..."

Kamar mai tauna tsakuwa. Ta yi ta yi, ba ta wuce nan ba.

Na koma da butar ban yi alwalar ba.

Asabar, bayan azahar

Ta kira mu duka. Ta sa baƙar abayarta ta zuwa Harami, safar fatar tana cikin leda a cinyarta.

Ta ce, "A kai ni wajen wasan."

Baffa ya ce, "Yumma, yanzu kuma? Ai mai ji ya tafi."

Ta ce, "Na sani. Kunyarsa na ji har ya tafi bai ji ba. Yanzu kunyar wa zan ji, Na'ibi? Ta bango?"

Ya ce shi ba zai shiga ba, amma zai kai su ƙofa, ita da Najwa. Ya nuna ni. "Wannan kuwa yana gida. Ana duba kati a ƙofar, ga manyan baƙi, ga 'yan sanda."

Kaka ta ce, "Da shi zan je." Ta juyo ta kalle ni sosai, irin kallon da ba ta taɓa yi min ba. "Tun safe nake gwadawa, rabi yake fita. Harshen ya tsufa a haka. In na fara ya tsaya, kai za ka ƙarasa. Ba Najwa ba. Kai."

Baffa ya ce, "In suka kama shi fa?"



Na hau sama na zauna wajen tanki, nan nake rubuta wannan. Ƙila ma ba za su bar ni in wuce ƙofa ba. Ƙila in wuce, ta fara, in ƙarasa, su tafa, su rubuta, a tashi. Shi dai ba zai gani ba. Ko sun rubuta da zinariya ba zai gani ba, ni kuma abin da na faɗa masa na ƙarshe a kan maganar, ana kan rubutawa ne.

In kuma sun riƙe ni, to hanyar da aka bi da shi za a bi da ni, mota ɗaya, jirgi ɗaya. Ko ba komai na ga inda aka sa shi.

Na wanke rigata ta Juma'a, ba ta gama bushewa ba, haka zan sa. Ƙafar Kaka ba ta iya matakala, ni zan goya ta zuwa mota.

Ga Najwa can tana cewa yalla. Kaka ma ta ɗaga murya, wai ina angon banzan nan, ko ya gudu.

Ban gudu ba. Bari in tafi, suna jirana.